Allurar toshe jijiya a Katsina: ta yi wa Baba aiki, amma asibitin na da gyara

Allurar toshe jijiya, wato allurar da ake yi a kusa da jijiya don tare saƙon zafi, tana aiki. Na gani da idona a jikin mahaifina, kuma da yau za a ce in sake zaɓa, can zan sake kai shi. Sai dai ba ta raba shi da zafin da ƙurajen jijiya suka bar masa kwata-kwata ba, likitan ma bai taɓa cewa za ta raba shi ba, kuma asibitin da aka yi mana ita yana da sakaci a ƙananan abubuwan da ko kusa ba su kai allurar wahala ba. Asibitin kuɗi ne a nan cikin birnin Katsina, ba kuma sunansa ne ya dame ni ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne tsofaffin da na san suna ɗaka da wannan azaba, 'ya'yansu ba su ma san akwai abin da ake yi bayan haɗiyar ƙwayoyi ba.

Ciwon shi ne ƙurajen jijiya, wanda likitoci ke kira zosta. Ƙwayar cutar ƙaranbau ce ke kawo shi. Yaro ya yi ƙaranbau ya warke, amma ƙwayar ba ta barin jiki. Sai ta lafe a wasu ƙullutun jijiya da ke jere a gefen ƙashin baya, ta yi shekara 40 ko 50 ba ta motsa ba. Ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, ko don tsufa, ko ciwon suga, ko wata doguwar jinya, sai ta farka ta bi jijiya guda har ta ɓullo a fata. Shi ya sa ƙurajen ke fitowa a ɓari ɗaya kawai, su ja layi daga baya su zagayo gaba, su tsaya cak a tsakiyar ƙirji ba su tsallaka ɗaya ɓarin ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan mutum 1 cikin 3 a ƙasarsu zai yi wannan ciwo a rayuwarsa. A nan ma duk wanda ya yi ƙaranbau yana ƙarami, kuma yawancinmu ke nan, yana ɗauke da ƙwayar.

Na Baba ya fara ne da suka a ƙarƙashin nonon hagu, babu ko ƙurji ɗaya a jiki. Mutum ya haura 70, ga suga ga hawan jini, kowa zuciya ya kawo a ransa. Mai kemis ɗin unguwa ya ce olsa ce, ya ba da ruwan magani. Bayan 'yan kwanaki fatar ta yi ja, sai ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fito gungu-gungu. Masu dubiya kowa da nasa: wannan ya ce ƙwaro ne ya bi jikinsa da dare, wancan ya ce a shafa toka da man shanu, goggonmu ta aiko da ƙullin gari daga ƙauye. Kafin a kai ga likitan da ya kalla sau ɗaya ya faɗi sunan ciwon, an wuce mako.

Wannan mako babbar asara ce, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan ko da ya manta sauran. Maganin da ke daƙile ƙwayar, asaiklobir, wanda wasu suka sani da sunan Zovirax, ya fi yin tasiri idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Babba kan sha miligiram 800 sau 5 a rana har kwana 7, bayan likita ya duba lafiyar ƙodarsa. Akwai shi a manyan kantunan magani na garin nan. An ba Baba, ya sha, ƙurajen suka yi ɓawo suka bushe cikin makonni, suka bar tabo baƙi-baƙi. Zafin ne ya ƙi tafiya. Ya ma ƙaru.

Hunturu ya same mu a haka. Wanda ya san sanyin Katsina na Disamba da Janairu ya san babu tsohon da ke zama ba riga da safe, amma Baba haka yake wuni a zaure, bisa buzunsa, bargo a kafaɗar dama kawai, hannun hagu a ɗage don kada damtse ya gogi haƙarƙari. Riga ba ta sawuwa. Ko iskar da ta shigo ta ƙofa ta taɓa wurin sai ka ga ya runtse ido. Jikokin da suka saba hawa bayansa aka hana su matsowa, ƙaramar cikinsu ta riƙa tsayawa daga bakin ƙofa tana leƙensa. Na tambaye shi yadda abin yake, ya ce: "Kamar an tura garwashi ƙarƙashin fata an bar shi, can kuma sai wani abu ya fizge ni." Mutumin da ba a taɓa rasa shi a sahun farko ba a masallacin unguwarmu wajen Ƙofar Marusa ya daina fita, don kafaɗar na kusa da shi idan ta goge shi ba ya iya ƙarasa raka'a. Barci kuwa sai dai gyangyaɗi a zaune. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don rashin barcin ya fara taɓa masa magana da cin abinci.

Jijiyar ce ƙwayar ta ji wa rauni, shi ya sa take aika saƙon zafi ko ba abin da ya taɓa ta. Idan hakan ya zarce kwana 90 daga fitowar ƙurajen, likitoci suna ɗaukarsa ciwo mai zaman kansa, kuma yana samun mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi ƙurajen, tsofaffi sun fi yawa a ciki. Farasitamol da su ibufurofen ba sa yi masa wani abin kirki. An ɗora Baba kan amitiriftilin da dare da firegabalin, waɗanda su ne magungunan zafin jijiya na gaskiya. Sun ɗan rage, amma da aka ƙara yawan firegabalin sai jiri, sai tangaɗi wajen alwala, baki ya bushe, ciki ya ɗaure. Likitan da ke duba sugansa ya ce ba zai ƙara ba, kada a gudu daga zafi a faɗa karayar ƙugu. Shi ne ya rubuta mana takarda zuwa wurin wani likitan sa barci na ɗakin tiyata, wanda ke ganin masu fama da matsanancin zafi a wancan asibitin da yamma, wasu ranaku a mako. Lokacin ba a kai wata biyu da fitowar ƙurajen ba.

Bari in fara da abin da bai yi mini daɗi ba a bakin ƙofa. An ce mana bayan la'asar, muka zo bayan la'asar, ba mu ga likita ba sai da aka idar da magariba. Na gane cewa daga wani aikin yake tasowa, kuma tiyata ba ta da agogo. To a faɗa wa mutane mana. Benci ne na katako mai majingina, Baba kuwa ba ya jingina, haka ya zauna a bakin benci riƙe da gwiwa, mai yanka kati tana ta danna waya, duk tambayar da ka yi mata sai ta ce "yana hanya". Asibitin da ya san masu zafin jijiya yake tarawa ya kamata ya tanadi kujera ɗaya ko biyu marasa majingina da ɗan wurin da iskar fanka ba ta kaiwa. Ni da kaina na tashi na kashe fankar da ke saitin Baba.

Da muka shiga ɗakin likita sai labari ya canza. Matashi ne, bai kai yayanmu ba a shekaru. Ya miƙe ya gaida Baba, ya ce: "Baba, sannu da jiki. Ba zan taɓa wurin ba sai kun ce in taɓa." Wannan kalma kaɗai ta sa na ga kafaɗun Baba sun sauka, don duk inda muka je a baya hannu ake fara kaiwa. Ya ɗauki ɗan auduga ya riƙa shafawa a hankali daga inda lafiya take yana matsowa, duk inda Baba ya zabura sai ya ɗiga alama da biro, har ya zana iyakar wurin gaba da baya. Ya ƙirga haƙarƙari da yatsa daga sama don ya san jijiya ta nawa ce. Ya ce Baba ya ba zafin maki daga 0 zuwa 10. Baba ya ce da rana 7, da dare kuma lissafin bai isa ba.

Sai tambayar magunguna, ɗaya bayan ɗaya, har ya sa na zazzage ledar a kan tebur. Abin da yake nema shi ne maganin tsinka jini, irin su warfarin da kulofidogirel, domin mai shan su jini na iya taruwa a inda allura ta shiga, kusa da laka kuwa wannan ba wasa ba ne. Baba ƙaramin asfirin kawai yake sha, likita ya duba ya yanke abin da za a yi, ya kuma gargaɗe mu kada mu taɓa dakatar da irin waɗannan magunguna da kanmu. Ya rubuta gwajin suga da na jini, har da na cuta mai karya garkuwar jiki. Yadda ya kawo maganar ya burge ni. Ya ce kowa yake rubuta wa, babba da yaro, don ƙurajen alama ce cewa garkuwa ta yi ƙasa, aikinsa ne ya san dalili. Na tsaya a nan ne saboda na san akwai masu ɓoye waɗannan ƙuraje don tsoron abin da za a ce da su. Mafi yawan tsofaffin da ke yin su tsufa ne kawai ya kawo musu. Sakamakon Baba ya fito lafiya, suga ne kaɗai ya ɗan hau.

Baba bai ɓoye tsoronsa ba. Ya ce: "Likita, allurar baya ce fa. Ba za ta shanye mini ƙafafu ba?" Likitan bai yi dariya ba, bai kuma ce "babu komai" ba. Ya jawo takarda ya zana ƙashin baya, ya nuna inda laka take a tsakiya, ya nuna wani ɗan lungu a gefe inda jijiyar ke fitowa kafin ta bi ƙarƙashin haƙarƙari. Ya ce a wannan lungun zai zuba magani, ba cikin laka ba. Sannan ya lissafa abin da zai iya faruwa: huhu yana dab da wurin, idan allura ta huda rigarsa iska na iya shiga ƙirji, jini na iya sauka, maganin na iya shiga hanyar jini ya taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya, wurin na iya ɗaukar ƙwayar cuta. Ya ce ba kasafai suke faruwa ba, amma don su ne yake aiki da na'urar sikanin, don su ne kuma ba ya yin allurar a ofis sai a ɗakin da ke da iskar oksijin da kayan ceto. Ya rufe da cewa: "Baba, ba alkawarin warkewa nake muku ba. Ina so in sama muku barci, in kuma rage zafin yadda ƙananan ƙwayoyi za su iya riƙe sauran." Baba ya ce: "Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Bismillah."

Allurar ba iri ɗaya ba ce, wurin ciwon ne ke zaɓa. Akwai wadda ake yi a ƙarƙashin haƙarƙari, akwai ta gefen ƙashin baya irin ta Baba, akwai ta cikin ƙashin baya a wajen rigar laka irin wadda ake yi wa masu naƙuda a wasu asibitoci, akwai wata sabuwa da aka fara bayyanawa a 2016 da ake zuba magani a ƙarƙashin naman baya nesa kaɗan da huhu. Idan a fuska ne, akwai ta wuya. Abin da ake zubawa yawanci biyu ne a haɗe: maganin sandarar da jijiya, lidoken ko bufibaken, da kuma sitiroyid mai kwantar da kumburin jijiyar.

Ranar allurar an bar ni na shiga don in riƙe shi. Aka zaunar da shi a bakin gado, ƙafafu bisa ɗan benci, ya rungumi matashin kai ya sunkuya. Nas ta sa masa kanula a bayan hannu, ta ɗaura abin awon jini, ta maƙala wani a yatsa. Ina tsaye a gabansa, goshinsa a kafaɗata, ina hango allon na'urar ta saman kansa. An wanke bayan da ayodin, aka rufe da ƙyalle mai huda. Ana shirin farawa aka ɗauke wuta, na'urar ta mutu, muka yi ta jira Baba na sunkuye kafin a tayar da janareto. Likitan bai ce bari ya yi da ka ba, ya jira. Na yaba masa, amma ban yaba wa asibitin da ke da ɗakin tiyata ba tare da batirin da zai riƙe na'ura ɗaya na minti goma ba.

Da wuta ta dawo ya ɗora kan na'urar a gefen ƙashin baya. Ƙashi ya fito baƙin inuwa, a ƙasansa kuma ga wani farin layi mai sheƙi yana zamewa gaba da baya duk lokacin da Baba ya ja numfashi. Ya nuna mini da haɓa ya ce rigar huhu ke nan, ita ce iyakar da ba ya so ya kai. Ya fara da 'yar ƙaramar allura ya kashe fatar, Baba ya ce "wash" sau ɗaya. Sai doguwar, tana tafiya a allon sannu-sannu. Da ya isa sai ya ja sirinjin baya ya duba ko jini zai biyo, bai biyo ba, ya tura kaɗan, ya tsaya. "Baba, kuna jin ɗanɗanon ƙarfe a baki? Kunne na ƙara? Leɓe ya yi nauyi?" Baba ya ce a'a. Ya ƙara kaɗan, ya sake tambaya. Ina kallo farin layin nan ya dannu ƙasa yayin da maganin ke cika lungun. Aikin kansa bai fi minti goma sha biyar ba.

Aka kwantar da shi ta ɓarin dama ana awon jininsa. Can likita ya dawo da audugarsa, ya shafa tsakiyar wurin da ya zana da biro, wurin da wata biyu ko ƙuda ba a bari ya sauka. Baba ya ce: "Ka fara ne?" Ya kai hannunsa da kansa ya dafa haƙarƙarin, ya daɗe a haka bai ce komai ba, sai hawaye. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar rasuwar mahaifiyarsa. Ya ce in miƙo masa rigarsa. An riƙe mu kusan awa guda kafin a sallame mu, a daren kuwa sai da aka tashe shi sallar asuba.

Washegari da hantsi zafin ya dawo, kuma a nan ne babban ƙorafina yake. Bufibaken awoyi yake yi ya saki, sitiroyid kuma yakan ɗauki kwana biyu ko uku kafin a ji aikinsa. Tsakanin nan akwai rami, kuma wanda ya ɗanɗani dare ɗaya na lafiya ya fi jin faɗawa cikinsa. Likita ya faɗa mana haka da baki, gaskiya ne, amma ya faɗa ne lokacin da hankalinmu duk yana kan murna. Ba a ba mu ko guntuwar takarda ba. Baba ya karaya ya ce an yi asarar kuɗi. Da yamma na auna sugansa da na'urar gida na ga ya haura inda bai taɓa kaiwa ba. Na san sitiroyid na tayar da suga na 'yan kwanaki, an ambata, to amma nawa ne ya zama haɗari? A ƙara magani ko a bari? Na kira lambar da ke jikin kati har na gaji, ba a ɗauka ba, daga baya ma aka kashe wayar. Likitan suga na Baba ne ya cece mu a daren, ya gaya mana abin da za mu yi da lokacin da za mu garzaya asibiti. Wurin da ke tura allura dab da huhun tsoho mai ciwon suga, ya sallame shi da dare, wajibi ne ya ba shi takarda da Hausa mai cewa idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya ɗaure, ko zazzaɓi ya zo, ko suga ya wuce kaza, ga lambar da za a ɗauka. Wannan ba ya cin kuɗin komai. Na faɗa wa likitan a zuwanmu na gaba, ya karɓa ba gardama, ya rubuta mana lambarsa ta kansa a bayan kati. Amma na bayanmu fa?

A rana ta uku abin ya fara sauka da gaske. Aka sake allurar bayan ɗan lokaci, aka kuma sakewa, kowace ta fi ta baya daɗewa. Saboda abin ya dame ni na nemi in san ko sa'a ce kawai muka yi, sai na tarar masana ma ba su gama daidaitawa ba. Babban binciken da aka fi ambato an yi shi ne a ƙasar Holan, mujallar Lancet ta buga shi a 2006. Mutum 598 ne 'yan sama da shekara 50 masu sababbin ƙuraje. An yi wa rabinsu allura guda ɗaya ta cikin ƙashin baya, sitiroyid da bufibaken, a kan magungunan da aka saba. Bayan wata guda, 48 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura ne ke da sauran zafi, a ɗaya rukunin kuwa 58. Amma bayan wata 3 da wata 6 bambancin ya kusa ɓacewa. Wato allura ɗaya tana sassautawa, ba ta hana zafin zama. Akwai ƙananan bincike da suka nuna maimaita allurar da wuri, tun ƙurajen suna sababbi, na iya rage yawan masu zarcewa da ciwon, shi ya sa likitocin zafi ke son a zo musu da wuri. Wanda ya shekara da ciwon kada ya sa rai da yawa. Abin da na karanta bai saɓa da abin da likitanmu ya faɗa ba ko kaɗan, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Abin da ya fi ƙara masa ita ma shi ne ranar da ya ƙi karɓar kuɗinmu. Baba ya ji daɗin allurar har ya ce a riƙa yi masa duk wata. Likita ya ce a'a. Ya ce sitiroyid idan ya yi yawa yana lalata suga, yana raunana ƙashi, yana ƙara karya garkuwar da ita ce ta jawo ciwon tun farko, kuma allurar ta riga ta yi abin da aka kira ta ta yi. Ya rage firegabalin zuwa inda jiri ya daina, ya bar ƙaramin amitiriftilin na dare. A garin da wasu wuraren ke ɗaura wa mai mura ƙarin ruwa don lissafi ya hau, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuɗi kuwa akwai nauyi, ba zan ɓoye ba. Mu huɗu muka haɗa, kuma kowannenmu ya ji a jikinsa. Abin haushin shi ne yadda ake fito da shi gutsure-gutsure: na kati daban, na ganin likita daban, na gwaji, na ɗaki, na na'ura, sannan a miƙo maka takarda a ce bufibaken ya ƙare, je ka nemo a waje, da dare, majiyyaci na zaune yana jira. Ƙanena ya zaga kantuna a kan babur kafin ya samo. Da an faɗi jimla tun ranar farko da mun shirya. Rasit ma sai da na nace.

Ga mata akwai abin lura. Dole a buɗe baya tun daga wuya har ƙugu, likitan kuma namiji ne. Akwai labule, nas mace ce, kuma na ga an bar wata baiwar Allah ta shiga da 'yarta. Mace ta je da zane da riga mai buɗewa ta baya, ta kuma nemi a rufe mata gaba kafin likita ya shigo, za a yi mata.

Yanzu Baba yana ba zafin maki 3, ranar da ya gaji 4. Yana sa riga mai laushi ta auduga, shadda mai sitati ce har yanzu ba ya so. Ya koma masallaci, yana tsayawa a ƙarshen sahu ta hagu don kada kowa ya kasance a wannan ɓarin. Wurin tabon wani lokaci ƙaiƙayi, wani lokaci ya yi dum ba ya jin komai. Yana barci, yana cin tuwonsa, jikoki sun dawo amma an koya musu ta dama ake zuwa.

Akwai abubuwa biyu da ba na allura ba da ba zan iya tsallakewa ba. Idan ƙurajen suka fito a goshi, ko kusa da ido, ko a kan hanci, wannan ba na jiran gobe ba ne, ana iya rasa ido, a nemi likitan ido a ranar. Sannan ruwan ƙurajen na iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙaranbau ba ƙaranbau, don haka a rufe wurin, a nisanta mai ciki da jariri har sai sun yi ɓawo. Rigakafi ma akwai shi a duniya, Shingrix, wanda Amurka ta amince da shi a 2017 don 'yan shekara 50 zuwa sama, allura biyu tsakanin wata 2 zuwa 6, yana karewa fiye da 90 cikin 100. Ba ya cikin rigakafin da ake yi kyauta a asibitocinmu, amma mai iyaye da ke fita waje neman lafiya ko mai hali ya tambayi likitansa.

Wanda zai kai nasa, ya fara neman takardar turawa daga likitan da ya san majiyyacin, ya kuma tambaya a sashen masu sa barci na manyan asibitocin gwamnati kafin ya nufi na kuɗi, don aikin nasu ne. Ya tattara duk magungunan da ake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya. Mai suga ya tanadi abin awo a gida, ya kuma sanar da likitan sugansa ranar da za a yi. A nemi mota, keke napep da ramukan hanya ba su dace da mai wannan ciwo ba, kuma kada majiyyaci ya tuƙa kansa. Kafin a biya ko sisi a tambaya: da na'urar sikanin za a yi? Wa zai yi, likitan sa barci ne? Akwai oksijin a ɗakin? Nawa ne jimla har da magani? Idan amsar ta farko a'a ce, ni dai ba zan miƙa bayan mahaifina ba. Kada kuma a fita ƙofar asibitin sai an rubuta muku lambar da za a ɗauka da tsakar dare, ku kira ta nan take a gabansu ku ji ta shiga.